Kashi Uku da Gidan Tafki

Mutanen garin su Lonnie Bielke ba su da saurin yarda. Ba su yarda da mai hasashen yanayi ba, ba su yarda da duk wanda ya zo daga Chicago da sabon takalmi ba, rabinsu ma ba su gama yarda da faston cocinsu ba. Abu ɗaya ne ba a yi masa gardama, shi ne gyaran kamfani. Tsarin masana'antar takarda ta garin ke nan: duk abin da ma'aikaci ya yarda a yanka daga albashinsa a zuba masa a asusun ritaya, kamfani zai ɗora masa nasa a kai. Wanda ya ƙi shiga tsarin kuwa, ba'arsa ba ta ƙarewa, har a wajen jana'izarsa sai an tuna.

Ranar da Lonnie ya kama aiki yana ɗan shekara goma sha tara, tun bai ga injin da zai tsaya a kai ba, mahaifinsa Norbert ya riƙo kafaɗarsa ya tura shi ofishin albashi.

"Sa hannu," in ji tsohon.

"Haba Baba, ko albashin farko fa ban karɓa ba. Mota nake so in saya."

"Mota? Ƙafarka ta karye ne? Buɗe kunnenka. In mutum ya ce zai ɗora maka kuɗi a kan naka, kada ka tsaya tambayar sunan kakansa. Miƙa hannu. Wawa ne kawai ke tafiya ya bar gyara."

Lonnie ya sa hannu yana ƙunƙuni. Daga baya shi ya koma jan sabbin yara zuwa wannan ofishi, yana maimaita musu maganar har da irin muryar tsohon.

Bayan wannan huɗuba, abin da Norbert ya bar wa ɗansa bai wuce guda ɗaya ba, kuma shi ɗin ma ba nasa ba ne. Wani ɗan gidan katako ne a bakin tafki, can arewa da gari, mallakin wata mata mai suna Arlys Haugen, wadda tun suna yara suke ce wa Gwaggo ko da yake ba su haɗa jini ba. Duk shekara in zafi ya shigo, iyalin Bielke ke kama hayarsa. Rufin na yoyo ta kusurwar kicin, gadajen na kuka, sauro kuwa kamar an aiko su. A nan Lonnie ya koyi iyo, a nan ya kama kifinsa na farko, a nan ya fara riƙe hannun Darla, wadda yanzu suka haura shekara talatin da aure. Gadar katakon da ta miƙe cikin ruwa, inda ake ɗaure kwalekwale, shi da ubansa suka ƙera ta. Duk kaka, kafin tafki ya daskare, sai a shiga ruwan sanyi a kwance ta sashe-sashe a jera a tudu, don in aka bar ta ƙanƙara za ta murƙushe ta. In an gama, Norbert yakan cire hularsa ya fuskanci ruwan ya ce, "To, sai baɗi." Da ya rasu, Lonnie ya gaji hular da maganar duka.

Kuma kowa ya san da alkawari. Gwaggo Arlys ta sha faɗa cewa ranar da za ta sayar, Lonnie za ta fara kira. Shi da Darla sun daɗe da auna abin: in aka ciro kuɗin gidan daga asusun ritaya aka biya haraji, ragowar za ta riƙe su da inshorar lafiyar Darla, mai fama da ciwon suga, har zuwa lokacin da ta gwamnati za ta karɓe su. Babu rara a lissafin, amma yana kaiwa.

Sai aka rufe masana'antar, Lonnie na da shekara hamsin da shida. Ranar da aka tara su a ɗakin cin abinci aka sanar, wata mata daga ofishi ta miƙe tana bayanin abin da zai faru da asusun kowa. Ta ambaci wani abu game da waɗanda suka kai hamsin da biyar. Amma wa ke ji? Mutumin da aka ce masa aikin da ya yi tun yana saurayi ya ƙare, kunnensa ba ya ɗaukar doka. Lonnie hoton tsofaffin ma'aikata da ke bango yake kallo, inda ubansa ke tsaye a layin baya yana hararar mai ɗaukar hoton.

Abin da ya rage wa mazan masana'anta shi ne kifin Juma'a. Duk yammacin Juma'a suna haɗuwa a wani gidan abinci da ke bakin gada, a ci soyayyen kifi da wainar dankali, a zagi waɗanda suka sayi kamfanin suka rufe shi. A nan ne Curt Novak, abokin aikin Lonnie a inji ɗaya, mutum mai tumbi da ƙatuwar murya, ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur kamar ya kamo babban kifi.

"Ku duba nan, matsiyata," ya ce. "Gyara ya dawo."

"Wane gyara kuma? Kamfanin da ya mutu?"

"Wani kamfanin dillancin hannun jari ne. Ka kwaso asusunka daga na masana'anta ka kawo musu, su ɗora maka kashi uku cikin ɗari. Nan take. Ni nawa ya shiga tun Talata."

Lonnie ya sa tabarau ya leƙa. Kashi uku na tarin shekara talatin da bakwai ba abin wasa ba ne, ya isa ya sake rufin gidan tafki har a samu ragowa.

"Mene ne sharaɗin?" ya tambaya.

"Ka bar musu kuɗin shekara biyar. To ina za ka kai su dama? Ko kana da wata budurwa ne a Florida da Darla ba ta sani ba?"

Tebur ya ɗauki dariya. Curt ya nuna shi da cokali mai yatsu.

"Kai fa ɗan Norbert ne. Da tsohon nan na raye, da yanzu ya ja ka da kunne. Wawa ne kawai..."

"...ke tafiya ya bar gyara," sauran suka ƙarasa baki ɗaya, har mai kawo abinci ta waiwayo.

Abin da Lonnie ya ji, gaskiya ba kwaɗayi ba ne. Kewa ce. Wata da watanni ba wanda ya ce masa ga wani abu naka, sai dai a ce an rage, an rufe, an daina. Ga shi yau an kira masa sunan ubansa an haɗa da gyara, sai ya ji kamar ƙarar injin ta dawo kunnensa.

A gida Darla na yanka albasa ya kawo mata zancen. Ta saurara ba ta ɗago ba.

"Su waɗannan mutanen, me ka yi musu da za su ba ka kyauta?"

"Me na yi wa masana'anta da take ba ni?"

"Gwiwoyinka ka ba ta, da rabin jinka. Su fa?"

"Ke dai ba kya son ki ga mutum yana murna."

"Ina so mana. Ka dai kira wani ka tambaya tukuna, maigida. Ko matar nan ta ofishinku."

"Curt ya yi, ba abin da ya same shi."

"Curt ya taɓa sayen kwalekwale mai huda saboda an haɗa masa da hula kyauta."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, maganar ta wuce a haka. Bai kira kowa ba. Ya karanta sharaɗin shekara biyar ɗin dai, ya ce a ransa Gwaggo Arlys lafiyarta ƙalau, mace ce da har yanzu take share ƙanƙarar ƙofar gidanta da kanta, ba yanzu za ta sayar ba. In ma ta sayar, iyaka dai a mayar musu da gyaransu, ba a yi asarar komai ba. Haka ya auna, kuma a iya abin da ya sani, awon bai karkace ba. Ya kwashe asusun kaf ya mayar can, aka rufe na masana'anta. Da gyaran ya shigo, shi ya biya wa tebur kuɗin kifi a Juma'ar nan.

Zafi ya shigo, suka tafi tafki kamar kullum, suka kafa gada. Ana cikin haka Gwaggo Arlys ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu. Da ta ɗan farfaɗo sai ta aika a kira shi. Ya same ta a gidan kula da tsofaffi, ta rame, amma bakin nan yana nan.

"Zauna, ɗan Norbert, ka tsaya mini a ka kamar mai karɓar haraji. Wurin nan da kake gani, kuɗi yake ci kamar wuta. Zan sayar da gidan. Ɗana ya samo wani mutumin Chicago, amma na ce masa akwai mai shi. Na rage maka a kan abin da wancan ya taya, iya abin da zan iya ragewa ke nan. Kafin a cire gada nake so a gama."

Lonnie ya fito yana jin ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. A cikin mota ya kira Darla, ta yi ihu har ya janye wayar daga kunne. Washegari da safe ya zauna a teburin kicin da kofin kofi ya kira kamfanin dillancin. Wata budurwa ce ta ɗauka, mai ladabi, irin ladabin da ba ya barin mutum ya samu inda zai kama ya yi faɗa.

Ta ce gyaran za a karɓe, tunda bai cika shekara biyar ba. Ya ce ya sani. Ta ce akwai haraji. Ya ce wannan ma ya sani. Sai ta tambayi shekarunsa.

"Hamsin da shida."

"To, ranka ya daɗe, akwai kuma tarar gwamnati, kashi goma cikin ɗari na duk abin da ka cira, tunda ba ka kai hamsin da tara da rabi ba."

"A'a, 'yata, kin yi kuskure. Wani abokin aikinmu ɗan hamsin da bakwai ya ciri nasa watan jiya, ba wanda ya ci shi tara."

"Daga asusun wurin aikinsa ya cira?"

"E."

"Shi ya sa. Wanda ya bar aiki yana da hamsin da biyar ko fiye, zai iya cira daga asusun wurin aikin ba tara. Amma in ya kwaso kuɗin ya kawo asusun kansa irin namu, wannan damar ba ta biyo su."

Sai Lonnie ya tuna. Ya ga matar ofishi tsaye a ɗakin cin abinci, bakinta na motsi, shi kuma yana kallon hoto.

"To a mayar da su can."

"Sai ka tambaye su, amma in an riga an rufe asusun, da wuya su karɓa."

Ya tambaya, suka ce ba hali. Ya je banki neman rance, wani yaro da ya taɓa koya wa ɗaura ƙugiya ya ba shi kofi da haƙuri, ya ce ba a ba marar aiki bashin gida na biyu. Ya koma ya sake auna lissafin ta kowace fuska. Kuɗin gidan za su fita, wannan ba matsala. Amma tarar za ta cinye daidai abin da aka ware wa inshorar Darla.

Ranar Juma'a Curt ya same shi a wajen ajiye motoci, ya ƙi shiga ciki.

"Mutumina, na rantse ban sani ba. Ni na haura sittin, dokar ba ta shafe ni ba, ko a kaina ba ta zo ba."

"Na sani, Curt. Kai a wurinka gyara ne na gaskiya."

"Ka zage ni mana, ko na ji sanyi."

"Kai da ko zagi ba ya kama ka? Mu shiga, kifin zai huce."

Da Darla ne abin ya yi wuya, domin ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa, da ya samu abin yin fushi. Ta zauna kusa da shi a barandar gidan tafki, rana na faɗuwa, ta ce:

"Ka biya tarar. Mu saya."

"Inshorarki fa?"

"Zan nemi aiki a kanti. Ko mu zauna ba inshora na ɗan lokaci, mutane nawa ne ke haka?"

"Mutane nawa ne a cikinsu ke yi wa kansu allura safe da yamma?"

"Lonnie, ubanka na cikin kowane katako na wurin nan. In ka rasa shi ba za ka yafe wa kanka ba, kuma ni zan zauna da kai ina kallo."

"In kika kwanta asibiti ba mu da ko sisi, a gadar zan kwantar da ke?"

Ya kamo hannunta, wanda yatsunsa duk sun yi tabon allurar gwajin jini, ya riƙe. Bai taɓa son wani wuri a duniya kamar wurin nan ba, kuma a zaunen nan ya gane cewa ko kusa wurin bai kai matar nan ba. Gane hakan bai rage masa zafin komai ba.

Ya koma wurin Gwaggo Arlys da roƙo ɗaya, ko za ta jira shi shekara uku da rabi, lokacin da tarar za ta faɗi. Tsohuwar ta yi dariya har ta riƙe ƙugunta.

"Shekara uku? Yaro, likitana ma ba ya sa mini ranar dawowa da ta wuce wata biyu." Sai dariyar ta ɗauke. "Da ina da yadda zan yi, da kyauta zan ba ka. Ka san haka ko?"

"Na sani, Gwaggo."

"Wa ya sa ka taɓa kuɗin tun farko?"

Ya yi murmushi. "Baba."

Ta dube shi ta gyaɗa kai. Ta san Norbert, ta san huɗubar, mijinta ma a masana'antar ya ƙare.

Mutumin Chicago ya saya. Ba mugu ba ne, har ya kira Lonnie a waya ya ce kada ya wahalar da kansa da tsohuwar gadar, ya bar ta ƙanƙara ta yi aikinta, shi ta ƙarfe zai kafa baɗi, mai tayoyi, wadda mutum ɗaya ke turawa. Lonnie ya yi masa godiya. Asabar ɗin ƙarshe kafin a miƙa makulli, ya ɗauko wandon roba mai kaiwa ƙirji ya sa a bayan mota.

Curt ya zo ba a gayyace shi ba. Darla kuma ta biya ta ɗauko Gwaggo Arlys, aka zaunar da ita a keken guragu a baranda, an lulluɓe ta da bargo biyu. Ganyen bishiyoyi ya yi ja ya fara zuba, ruwan kuwa sanyinsa na ratsa roba har ƙashi. Suka fara daga sashen da ya fi nisa, yadda Norbert ya koyar, Lonnie na kwance ƙusoshi Curt na tallafe.

"Wai don Allah me ya sa muke wannan wahalar?" Curt ya ce haƙoransa na karo. "Mutumin nan ƙona ta zai yi."

"Riƙe da kyau, tumbinka kawai ke aiki."

"Tumbin nan shi ya hana ni nutsewa."

Daga baranda tsohuwa ta ɗaga murya. "Ba haka ake ɗagawa ba! Norbert shi kaɗai yake ɗaukar wannan!"

"Ƙarya ne, Gwaggo," in ji Lonnie, "ni nake riƙe masa ɗaya gefen!"

"Kai kuka kake yi kana cewa ƙafarka ta mutu!"

Haka suka yi ta fitowa da ita sashe bayan sashe. A ƙarƙashin wani katako Lonnie ya ga inda ya taɓa lanƙwasa ƙusoshi yana yaro, ubansa ya bar su a haka ya buga wasu a gefe. Ya shafa wurin da babban yatsa, ya ɗaga katakon ya kai tudu. Suka jera komai a inda ake jerawa, a kan duwatsu don kada damshi ya ci, ya ja tamfol ya rufe ya ɗaure da igiya, ɗauri irin na wanda zai dawo.

Curt ya tura keken Gwaggo zuwa mota. Darla ta kulle ƙofa ta tsaya da makullin a hannu. Lonnie ya sauka bakin ruwa shi kaɗai, inda gadar take ɗazu, yanzu ba komai sai ramukan turaku da ruwa ke cikewa. Ya cire hular ubansa ya riƙe a ƙirji. Su ukun suka zuba masa ido, don duk sun san abin da ke biyo baya.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya mayar da hular kansa, ya hauro tudu.

"Ɗan Norbert," Gwaggo Arlys ta ce ta tagar mota, "ba ka ce sai baɗi ba."

Lonnie ya karɓi makullin daga hannun Darla, ya sunkuya ya sa wa tsohuwar a tafin hannu, ya naɗe mata yatsunta a kai.

"Gwaggo," ya ce, "Baba bai taɓa yi wa tafkin nan ƙarya ba."